Guzurin Mai Kwana Biyu: Bayanin Hukuncin Gajeriyar Tafiya da Iyali

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya sanya hanyoyi a cikinta, ya hore wa bayinsa ababan hawa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa da wanda ya bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka. Waɗansu 'yan'uwa sun nemi in rubuta musu takarda gajeriya a kan tafiyar da mutum yake yi da matarsa da 'ya'yansa ta kwana ɗaya ko biyu ko uku, domin gaida iyaye, ko ziyara, ko shan iska, sa'an nan ya komo ga sana'arsa. Na amsa musu, domin na ga mutane sun kasu biyu a cikinta. Wani yana cewa wannan ai ba tafiya ba ce, ba ya ɗaukar rangwamen da Allah ya yi masa, har salla ta kuɓuce masa a cikin mota. Wani kuma da ya fita ƙofar gari sai ya mai da azahar raka'a biyu, alhali inda za shi bai kai ba, sallarsa ta ɓaci bai sani ba. Abin da zan faɗa a bisa mazhabar Imamu Malik ne, Allah ya yarda da shi, kamar yadda ya zo cikin Muwaɗɗa da Risala da Muhtasar na Halilu da sharhin Dardiri a kansa.

Fasali a kan asalin wannan tafiya

Ka sani, ya ɗan'uwana, Allah ya yi mana gamon katar da ni da kai, hutun Asabar da Lahadi baƙo ne a ƙasarmu. Bayan Nasara sun ci Kano da Sakkwato a shekarar 1903 suka kafa ofisoshinsu, Lahadi ta zama ranar da ba a aiki, daga baya Asabar ta bi ta. Hutun da muka gada shi ne na makarantar allo, Alhamis da Jumma'a, wanda malamai suke jingina farkonsa ga Umaru ɗan Haɗɗabi. Amma ita tafiyar kanta ba baƙuwa ba ce. Ya inganta cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan tafi masallacin Ƙuba kowace Asabar, wata rana a ƙasa wata rana a bisa abin hawa, alhali Ƙuba ba ta wuce mil 2 ko 3 daga masallacinsa ba. Kada wani ya riƙi wannan hujja ce ga hutun Asabar, ba don haka na kawo shi ba. Na kawo shi ne domin a san fita kusa a komo a rana sananniya abu ne mai asali. Mutanenmu kuma sun ce zumunta a ƙafa take.

Fasali a kan nisan da ake ƙasaru

Wannan shi ne wurin da ƙafafu suke zamewa, don haka zan tsawaita.

Ƙasaru sunna ce mai ƙarfi a wurinmu, ba zaɓi ba ne kurum. Ana yin ta a azahar da la'asar da lisha, su koma raka'a biyu-biyu. Asuba da magariba ba a taɓa su. Sharaɗinta tafiyar ta kai baridi 4. Kowane baridi farsahi 4 ne, kowane farsahi mil 3 ne, jimla mil 48. Mil ɗin nan ba mil na Turawa ba ne, kamu 3,500 ne bisa zancen da aka inganta. In ka mai da shi lissafin yau sai ya ba ka kilomita 80 da ɗan ɗoriya, waɗansu masu lissafi kuma sun kai shi kusa da 89 saboda saɓaninsu cikin tsawon mil. Malik ya ruwaito cewa Ibnu Abbas yakan yi ƙasaru a misalin tsakanin Makka da Ɗa'ifa, da Makka da Usfana, da Makka da Jidda, ya ce wannan baridi 4 ne. A da ana ƙiyasta shi da zango biyu na raƙuma masu kaya.

Idan ka ce: ai wannan domin wahalar raƙumi aka yi shi, ni kuwa ina isa cikin sa'a ɗaya, ina jingine, iska tana buga ni. Sai mu ce: shari'a ba ta rataya hukunci ga wahala ba, domin wahala ba ta da mudu, abin da ya gajiyar da tsoho bai gajiyar da saurayi ba. Ta rataya shi ga nisa, domin nisa abu ne da ake aunawa. Malamai sun faɗa tun kafin a san mota cewa ko da mutum ya yanke wannan nisa cikin ɗan lokaci, ƙasaru tana nan. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya taƙaita kwanaki suka koma sa'o'i, bai taƙaita mil ko ɗaya ba. Haka nan kishiyar wannan: wanda motarsa ta lalace, ya wuni a hanyar da ba ta kai mil 48 ba, ya sha rana ya sha ƙura, ba shi da ƙasaru.

Kuma tafiya kaɗai ake lissafawa, ba a haɗa ta da dawowa. Misali mutumin Kano da ya kai iyalinsa Wudil, kusan kilomita 40. Kada ya ce zuwa da komowa 80 ne. Wannan cika salla zai yi. Haka mutumin Sakkwato da ya fita daga Hubbaren Shehu Usmanu, wanda ya rasu a 1817, za shi Wurno ziyarar kabarin ɗansa Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, shi ma cikawa zai yi. Amma daga Kano zuwa Zariya ko zuwa Katsina ba shakka a cikinsa, ya wuce iyaka nesa.

Saura wurin da yake kan gaɓa, kamar tsakanin Kaduna da Zariya. Daga tsakiyar gari zuwa tsakiyar gari kusan kilomita 80 ne, sai dai ba daga ƙofar gidanka ake fara awo ba. Ana farawa daga inda gidajen gari suka ƙare, da gonakin da suke manne da gari ana zaune a cikinsu, domin a nan ne matafiyi yake fara ƙasaru, kuma a nan take yankewa in ya komo. Garuruwa kuwa sun yi faɗi, abin da yake daji ne a zamanin kakanninmu yau unguwa ce. Da haka nisan da ya rage tsakanin garuruwan biyu ya kasa. Dardiri ya bayyana cewa wanda ya yi ƙasaru a mil 35 ko ƙasa da haka sallarsa ɓatacciya ce, wanda ya yi a mil 40 zuwa sama ba ya sakewa ko da yake bai halatta ya fara ba, abin da yake tsakani kuma ya inganta bisa zance abin dogaro. Abin da nake gani ga mai irin wannan hanya, ya cika. Domin wanda ya cika inda ake ƙasaru sallarsa ta yi, iyaka an so ya sake ta cikin lokaci, amma wanda ya rage inda ba a ragewa yana iya tashi ba salla. Kuma kada ya bar gajeriyar hanya ya bi doguwa ba da wani dalili ba sai don ya sami ƙasaru, ba ta halatta gare shi da wannan dabara.

Fasali a kan haɗa salloli biyu

Ga rangwamen da mafi yawan mutane ba su sani ba, alhali mai gajeriyar tafiya ya fi bukatarsa bisa ƙasaru. A mazhabarmu ya halatta ga matafiyi a tudu ya haɗa azahar da la'asar, ko magariba da lisha, ko da tafiyarsa ba ta kai baridi 4 ba. Mai zuwa Wudil ba ya ƙasaru, amma yana iya haɗawa, raka'a huɗu da huɗu.

Yadda ake yi kuwa, a dubi inda rana ta gushe masa. In ta gushe yana sauke, a wani gari na kan hanya, kuma ya san in ya hau ba zai sauka ba sai rana ta faɗi, sai ya yi azahar ya biyo ta da la'asar nan take, kana ya hau. In ya san zai sauka kafin rana ta yi fatsi-fatsi, sai ya yi azahar kaɗai, ya bar la'asar ga lokacinta. In kuwa rana ta gushe yana cikin tafiya, kuma zai sauka kafin fatsi-fatsi ko a cikinsa, sai ya jinkirta su biyun har ya sauka. In ba zai sauka ba sai bayan faɗuwar rana, to ya tsaya a hanya ya yi azahar a ƙarshen lokacinta da la'asar a farkon nata. Magariba da lisha haka suke, fitowar alfijir tana matsayin faɗuwar rana.

Duba wannan da kyau, ya kai mai iyali. Namiji in mota ta tsaya yana iya tsallakawa bakin hanya da butarsa ya yi salla cikin ƙanƙanin lokaci. Mace da goyo a baya da yaro a hannu ba ta iya haka, kunya takan hana ta cewa a tsaya, sai ta yi shiru har magariba ta riske ta ba ta yi azahar ba. Alhakin wannan yana bisa wanda ya fito da ita bai sanar da ita ba, bai nemar mata wurin alwala mai sutura ba. Farilla ba a yin ta a zaune cikin mota sai bisa lalura. In motar haya ce, a yi magana da direba tun a tasha kafin a biya kuɗi.

Tanbihi. Wannan haɗawa ta mai tafiya ce, ba ta wanda ya isa ba ce. Wanda ya sauka masaukinsa ya kwana biyu yana haɗa salloli don kada su katse masa hira da yawo, bai bi mazhabar Malik ba. Ƙasaru tana bin sa a masauki, haɗawa ba ta bin sa.

Fasali a kan Jumma'a

Mai hutun Asabar yakan so ya fita tun Jumma'a don ya ƙara wuni. To ya sani fita kafin alfijir halal ne, bayan alfijir makaruhi ne, bayan gushewar rana haram ne ga wanda Jumma'a ta wajaba a kansa, sai in ya san zai same ta a wani gari a gaba, ko yana tsoron cuta in ya tsaya. Wanda ya shiga mota da hantsi, mota ba ta cika ba, yana zaune a tasha har rana ta gushe, wannan bai zama matafiyi ba tukuna, mutumin gari ne, Jumma'a tana kansa. Har ma in ya fita, kiran salla ya riske shi bai wuce farsahi ɗaya ba, wato misalin kilomita 5, ya koma in yana zaton zai same ta. Mata da yara ba ta wajaba a kansu ba. Wanda ya sami iko ya fita Alhamis da sassafe ya dace da abin da Annabi ya fi so.

Fasali a kan abin da yake yanke ƙasaru

Niyyar zaman kwana 4 cikakku, da salla 20 a cikinsu, tana yanke ta. Ba a lissafa ranar shiga in an shiga bayan alfijir, ba a lissafa ranar fita. Wanda ya isa Jumma'a da maraice zai tashi Lahadi yana ƙasaru har ya komo. Wanda ya isa Alhamis da la'asar zai tashi Litinin da safe, cikakkun kwanakinsa 3 ne, Jumma'a da Asabar da Lahadi, shi ma yana ƙasaru. Wanda kuwa bai ƙulla niyyar komai ba, kullum yana cewa gobe zan tafi, yana ƙasaru ko ya daɗe.

Shiga garin da yake mazauninsa ne tana yanke ta ko bai yi niyyar kwana ba. Haka shiga garin da matarsa take zaune, wadda ya riga ya tare da ita. Saboda haka ma'aikacin da yake aiki a Kaduna, iyalinsa suna Katsina, yana zuwa musu kowane mako, a hanya matafiyi ne, da ya shiga Katsina sai ya cika. Amma garin haihuwa da mutum ya tashi daga gare shi ya bar zamansa, ba ya da mata a can, sai iyaye da dangi, wannan ba ya yanke masa. Mutane da yawa suna jin nauyin su yi ƙasaru a gidan ubansu, suna ganin kamar sun mai da kansu baƙi ne. Babu raini a ciki. In ya bi limamin gari kuwa sai ya cika tare da shi. Malamanmu sun karhanta matafiyi ya bi mazaunin gida saboda barin sunnar ƙasaru, sai dai waɗansu sun sauƙaƙa in limamin mai falala ne ko mai shekaru ko shi ne mai gidan.

Mas'ala. Halilu ya fitar da mutum biyu daga rangwame: mai saɓo da tafiyarsa, da mai wargi da ita. Sai aka tambaya, wanda ya kai 'ya'yansa Yankari a ƙasar Bauci, wadda aka buɗe ga masu kallo a 1962, su ga giwaye su yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki, ko ya kai su Daura su ga rijiyar Kusugu, mai wargi ne ko kuwa? Misalin da malamai suka bayar na wargi shi ne mai farauta don nishaɗi ba don abinci ba, ƙasaru makaruhi ce gare shi, in ya yi kuma ba ya sakewa. Abin da zuciyata ta karkata gare shi, mai faranta wa iyalinsa ba ya shiga nan. Alƙur'ani ya yi umarni a wurare da yawa a yi tafiya cikin ƙasa a duba, kuma iyali suna da hakki a kan mutum kamar yadda ya zo cikin hadisi. A cikin tafiya ne Annabi ya yi tseren gudu da A'isha ta tsere masa, bayan shekaru suka sake ya tsere mata. In kuwa wurin da za a je wurin giya ne da tsiraici, wannan wani hukunci ne daban. Allah shi ne mafi sani.

Fasali a kan mata

Mai mata fiye da ɗaya, wa zai ɗauka? Annabi yakan jefa ƙuri'a tsakanin matansa in zai yi tafiya. Mashhurin mazhabarmu shi ne miji ya zaɓi wadda ya so, sai a hajji da yaƙi ne ƙuri'a take lazimta, domin wata ta fi dacewa da hanya, wata ta fi dacewa da tsaron gida. Kuma kwanakin tafiya ba a ramawa ga wadda aka bari. To a nan ne mai son zuciya yake samun ƙofa. Al'adarmu girki kwana biyu-biyu ne, tafiyar nan kuma kwana biyu ce. In mutum ya riƙa ɗaukar amarya kowane hutu, yana kuma daidaita fitarsa da ranar girkin uwargida, ya cinye mata kwana da sunan tafiya. Alƙali ba zai kama shi ba. Amma hukuncin da aka yi domin tafiyar fatauci ta shekara sau ɗaya, ba a mai da shi tsani na hawa kan hakkin mutum kowane mako. Ya juya tsakaninsu, ko ya jefa ƙuri'a a gabansu, ko ya fita da mai girki a ranar girkinta.

Kuma kada tafiyar ta zama kullum gidan iyayensa ne. Malamanmu sun ce in miji ya rantse matarsa ba za ta gaida iyayenta ba, alhali ita amintacciya ce, suna gari ɗaya, ana karya masa rantsuwar ko da yarinya ce. In suna nesa ba a tilasta masa, amma ita ba ta tafiyar wuni da kwana sai da muharrami, shi ne kuwa mafi kusa da zai kai ta. Ta yaya za ta sada zumuntar da aka wajabta mata in shi bai tashi ba?

Fasali a kan mai masauki da komowa

Hakkin baƙo wuni da kwana ne na karramawa, liyafa kwana 3, abin da ya wuce sadaka ce, kuma an hana baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai gida. Mai zuwa da mata da yara shida ba baƙo ɗaya ba ne. Ya aika da labari ta waya tun kafin ya taso, ya tafi da guzurinsa, ya riƙe wa tsofaffi abin da zai shiga tukunya, hatsi da mai, ba goro kaɗai ba. Sau da yawa dattijo a ƙauye yakan yanka kazar da yake tattali, ko ya ci bashi, don kada ɗansa na birni ya ga gazawarsa, baƙi su tafi Lahadi shi ya kwana wata yana biya. Baƙo raɓa ne, in ji mutanenmu, raɓa kuwa ba ta karya kara.

An so matafiyi ya gaggauta komowa in ya biya bukatarsa, ya shiga gari da hantsi, ya riƙo tsaraba gwargwadon halinsa ga wanda ya bari a gida. An hana ya faɗo wa iyali da dare ba su san da zuwansa ba, in ya sanar da su kuwa dalilin hanin ya kau. Amma jinkirta tashi har la'asar sakaliya ranar Lahadi, sa'an nan a yi gudu cikin duhu da yara a mota don a riski aikin Litinin, ba na ganin halaccinsa a hanyar da aka san ba ta da aminci da dare. Ya tashi da safe. In ya hango gidajen garinsu la'asar ba ta fita ba, bai kuwa yi ta ba, sai ya shiga ya yi ta raka'a huɗu.

Ya cika da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonsa. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.